Hayaƙin Kitikar Alhaji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina gaida manya da ƙanana, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsoho ne, na girmi iyayen da yawa daga cikinku, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Ranar da na fara ganin yarinyar da zan kira Ladi, cikin hayaƙi na gan ta. Zamanin Turawa ne, ana dab da samun mulkin kai, ranar kasuwar Makarfi. Wata tsohuwar mota, irin da ake ce wa kitika, ta wuce tana fesa hayaƙi, da ya washe sai ga ta tsaye da ƙwaryar fura a ka, tana fifita fuska da gefen gyale tana dariya, haƙoranta farare tas, idanunta kamar an wanke da madara. Ni kuwa tun da na iya boko a ajin yaƙi da jahilci ban daina sayen 'yan littattafan kasuwa ba, har yau akwai na soyayya a ƙarƙashin matashina. A kaina ni ne saurayin labarin, duk wanda ya tsaya tsakanina da ita shi ne mugun da dole a kawar. Sai da na bi idonta na ga ashe direban take wa dariyar.

Sunansa Sale, sa'ana ne, mutumin Taba. Motar ta wani Alhaji ce mai sayen gyaɗa da auduga, ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida bayan ya gama cin moriyarta. Sale ya iya tuƙi amma bai san cikin inji ba, ni ne na koyo kanikanci a Zariya, kuma duk tsakanin Ikara da Kudan ba wani bakanike sai ni. An riga an kai kayan Sale gidan su Ladi.

Da hayaƙin ya yi yawa Alhaji ya aiko kirana. Yadda aka koya mana shi ne, ka bar inji ya yi zafi, ka tara farin ƙyalle a bakin salansa inda hayaƙi ke fita, ka duba ka shinshina. In baƙi ne mai barin toka, fetur ne ya yi yawa, sai ka nufi kabureta. In fari ne kamar tururin tukunya kuma ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga inji, gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. In kuwa shuɗi-shuɗi ne mai ƙaurin mai, to baƙin mai ne ke ƙonewa. Na tara ƙyallena, shuɗi ne. Na kwance fulogi na same su jiƙe da mai, na zaro sandar gwada mai na ga ba ɗigon ruwa a ciki. Ringin fistin ne suka cinye, tsufa ne kawai, ba laifin kowa. Amma da Alhaji ya tambaye ni sai na ce ranka ya daɗe, irin wannan ciwo da sassafe ake gane shi, a bari sai gobe bayan asuba.

Damina ce, gari ya waye da sanyin ruwan da aka yi. Kowane bakanike ya san motar da ta kwana a sanyi in aka tashe ta sai ta ɗan yi farin tururi, raɓa ce kawai a cikin salansa. Na tashe ta, farin ya fito, na kashe ta da sauri kafin shuɗin ya biyo. Na ce Alhaji ka gani da idonka, ruwa ne, direbanka ya bar lagireto ya ƙafe, ya sheƙa wa inji ruwan sanyi yana tafasa, kan injin ya tsage. Da ma na san Sale ya taɓa tsayawa a wani rafi a hanyar Ikara ya ƙara ruwa, shi da bakinsa ya ba ni labari muna cin gyaɗa. Sale ya fara rantsuwa, ya zage ni ya ce ni maƙaryaci ne, ni kuwa na ce, "To Sale, ka tsaya a rafin ko ba ka tsaya ba?" Dole ya amsa cewa ya tsaya.

Alhaji bai kore shi a gida ba, sai da ya bari ranar kasuwa. Ya sa aka tuɓe masa rigar kakin da hular da ya ɗinka masa, aka zane shi da igiyar ɗaure buhu, aka sa shi tura motar shi kaɗai daga bakin kasuwa har rumfata, ni ina zaune a kan sitiyari. Ina lura da inda Ladi take tsaye, da muka zo daidai wurin na taka birki a hankali don ya daɗe yana nishi a gabanta. Ni ne kuma na leƙo na ce, "Tura mana, Sale Hayaƙi," kasuwa ta ɗauka. Kafin sati an mayar masa da kayansa, uban Ladi ya ce wanda bai riƙe amanar ƙarfe ba ba zai ba shi ta mutum ba. Na je Zariya na samo ringi na sa a ɓoye, mota ta daina hayaƙi, aka ce na ɗinke kan injin da ya tsage, sunana ya tafi. Da kaka na auri Ladi. Mun yi zama mai daɗi, ba zan ɓoye ba, ta rasu bara tana sa mini albarka, ba ta sani ba.

Sale kuwa ba mai motar da ya sake ba shi makulli. Ya koma Hunkuyi ya kama ga-ruwa, da sanda a kafaɗa ya ƙare ƙarfinsa, bayansa ya tanƙware. Gidansa har yau gidan Hayaƙi ake ce masa, jikokinsa ma da sunan ake kiransu a makaranta. Satin da ya wuce na ji yana kwance, ido ya tafi, na sa aka kai ni. Yana jin muryata ya ce, "Bakanike, kai ne?" Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce shekara da shekaru yana tambayar kansa me ya hana shi jira injin nan ya huce, ya ce gaskiya na faɗa ranar shi kuma ya zage ni a gaban mutane, in yafe masa kafin ya tafi. Na ce na yafe. Wallahi abin da na ce ke nan, har na sha ruwan da 'yarsa ta kawo mini.

'Ya'yansa sun ce kwanakin ba su da yawa. In na yi shiru zai tafi da laifin da bai yi ba, ni in bi shi da nawa. In na faɗa, zan sanar da makaho a kan gadon mutuwa cewa duk ruwan da ya ɗauka a banza ne. Jama'a, in koma in gaya masa? In kuwa zan gaya masa, mu biyu a ɗaki, ko in tara jikokin da ke amsa sunan da na raɗa masa?