Gidan Zanen Rum Ta Tagar Dada

Lahadi, 6 ga Oktoba

Fauziyya ta samu tikiti. Asabar mai zuwa za ta shiga gidan nan na birnin Rum, tsohon gidan wani attajiri a tsakiyar lambu, wanda aka mayar wurin ajiye zane-zane da sassaƙa. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai zanen cikinsa daga littafin da hotunansa suka koɗe, amma ƙanwata, wadda ko da'ira ba ta iya zanawa ba, ita karatun haɗa magani ya kai can. Ba hassada nake ba. To, 'yar kaɗan.

Ta ce za ta kira ni ta bidiyo, ta bi da ni ɗaki-ɗaki. Awa biyu kawai ake ba mutum, sai a fitar da shi. Ina so in gani da idona ko sau ɗaya ne, ko ta waya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na zagaye gidanmu kaf da waya a sama. Babu inda sabis ke tsayawa sai tagar ɗakin kakarmu Dada. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce, "Asta, ni da wa nake magana?"

Juma'a, 11 ga Oktoba

Dada ta gaya wa rabin unguwarmu Gabukka.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kaina ciwo yake.

Kafin azahar ɗakin ya cika. Baffa Joda ya taso tun daga Kagarawal da babbar riga, maƙwabta kuma har bakin ƙofa. Kira na shigowa na hango matakala da wani dogon zaure, rufinsa duk zane. Sai Dada ta miƙo hannu. Wa zai hana ta?

"Fauziyya, kin wuni lafiya? Ya baƙunta? Ya sanyi? Kina cin abinci kuwa?"

Daga hannunta waya ta koma hannun Baffa, daga shi sai Goggo, sai maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya ji lafiyar masu masaukinta, ita ma sai ta tambayi iyalin kowa da sunansu, don kada a ce Turai ta canza ta. Ina jin ta tana raɗa, ma'aikacin wurin kuma yana ta yi mata alamar ta yi shiru. Na ce, "Baffa, lokaci fa yana tafiya." Ya dube ni ya ce, "Gaisuwar ce ɓata lokaci?"

Da ta juya wayar, sai ta faɗa kan wani mutum-mutumi na farin dutse, ba ko ƙyalle a jikinsa. Baffa ya yi salati ya kife wayar a kan tabarma. Kafin in ɗauko ta kiran ya katse, sabis kuma ya ƙi dawowa sai bayan an fito da su.

Abin da na samu ke nan: matakala, da rabin rufi. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Fauziyya ta turo hotuna, duk fuskarta ce ta cika su. "Adda, ki yi haƙuri." Ban amsa ba.

Dada ta aiko min da fura. Ban sha ba. Daga baya na sha.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ina share tarkace a waya na ga ashe na ɗauki hoton allon wayar sau ɗaya ranar, rufin nake hari. Rufin ya fito dishi-dishi. Amma a ƙaramin akwatin gefe, inda namu ɓangaren ke fitowa, ga Dada, ta kusa manna hanci a waya, bakinta a buɗe, idonta taf da hawaye, ƙwaryoyinta na jere a bayanta. Shekara biyu rabonta da ganin yarinyar da ta goya.

Har yanzu haushi nake ji, kuma ban yafe wa Baffa ba.

Na dai sayo farar takarda da fensir. Dada ta yarda za ta zauna min gobe a bakin tagar in zana ta, in dai ba zan gaya wa kowa ba.