Na Mayar da Katin, Maman Da-som

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a tsakar rana, Hye-ran tawa, Maman Da-som,

Ina gaishe ki daga nan ƙasarmu, daga Tongyeong, inda teku ke kai da komo ba hutu, kamar zuciyata tun ranar da na baro ku a Tacoma, can Amurka. Itatuwan bakin hanya sun yi fari fat da fure, lokacin takardun haraji ya zo ke nan. Kin tuna yadda muke baje su a teburin kicin, ga gasasshen dankali yana tururi a tsakaninmu? Ki fizge biro daga hannuna ki ce, "Kai da ba ka iya haɗa safa biyu masu kama da juna ba, kai ne za ka yi wa gwamnati lissafi?" Wa zai ce wata rana zan yi kewar wannan gorin har ƙirjina ya yi zafi?

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, na dawo na karɓi jirginsa na kamun kifi, ban taɓa fashin aika wa Amurka bayanin abin da na samu ba. Ba a can na yi gumin ba, amma mai katin zaman dindindin na Amurka, ko ina yake, sai ya ba da lissafi. Ban ji nauyin abin ba. Duk sa hannun da na yi, ce miki nake yi ina nan tafe.

Bana da na je wurin tsoho Pyo mai cika mini takardun, sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ƙanena, har yaushe? Ka biya haraji a nan, ka biya ni in cika maka na can, ga maganin tsohonka yana jira. Kuma haraji kaɗai ba ya riƙe kati. Ba su gaya maka ba?" Jami'an shige da fice sun gaya mini, a zuwana na ƙarshe, lokacin da suka tsare ni kina tsaye kina jira a filin jirgi da miyar da ta huce a hannunki: ko in dawo in zauna, ko in mayar da katin.

Ya zan yi, farin watana? Baba ba ya karɓar cokali daga hannun kowa sai nawa. In na ɗauki takalmi, sai ya kama bakin rigata ya ce, "Mun-gyu, kada ka daɗe."

Ranar Litinin na sa hannu, na mayar musu da katin.

Ina roƙon ki, kada ki bar aikinki na asibiti saboda ni, kada ki cire Da-som daga makaranta tana gab da gamawa. Ki yi fushi da ni in kin ga dama, na cancanta, amma kada ki yi mini shiru. Muryarki ce ruwan da nake sha a tsakiyar wannan gishiri.

Da kaka zan zo. A filin jirgi za su tambaye ni abin da ya kawo ni, da yaushe zan koma. Zan ce ziyara. Ziyara, a gidan da ni na yi wa ƙofarsa fenti! Ki yafe mini wannan kalmar tun yanzu.

Naki ne ni, a kusa ko a nesa, har ranar da numfashi zai bar ni,

Mijinki,
Mun-gyu