Gawo Ba Gawa Ba Ne

Zuwa ga Shugaban tawagar da ta ƙirga itatuwan dajinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni ne malamin makarantar nan na Gammo wanda mai unguwa ya haɗa ku da shi a daminar da ta wuce, don in zaga da ku dajin da kamfanin haƙar ma'adinai yake son ƙara ci. Idan ka manta da ni, ni ne mai surutun da ka ce ya bar ƙwararru su yi aikinsu. Na bari. Ga abin da ƙwararru suka yi.

Na farko. Kun zo tsakiyar damina, kun tarar da gawo goma sha huɗu tsakanin gonata da ta maƙwabcina Baba Ilu, duk ba ganye. Kuka shafa musu jan fenti, kuka rubuta cewa matattu ne. Yallaɓai, gawo ba gawa ba ne, ko da yake wasali ɗaya ya raba su. Shi itace ne mai zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Na gaya maka haka a gindinsa, ka yi murmushi, ka ce ba a haɗa kimiyya da tatsuniya. To, maganar tana cikin littafin noma da nake koyarwa da shi. Ba ma sai an buɗe littafi ba, tumakin Baba Ilu sun san wannan karatu, domin 'ya'yan gawon suke ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Geron da ya fi kyau a gonata kuwa a ƙarƙashin waɗannan matattun naku yake fitowa.

Na biyu. Sabara da kalgo da magarya kun dunƙule su a layi ɗaya, wai ƙananan tsirrai marasa amfani. Da ka tambayi kowace unguwarzoma daga nan har Kara abin da ake dafa wa mai jego, da ka ji amfaninsu. Amma ina, rana ta yi zafi, motarku kuma akwai sanyi a cikinta.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Na roƙe ku mu gangara bakin tsohon ramin kamfanin, inda kututturan ɗorawa da tsamiya suke jere, inda kanyar da ta rage take bushewa tun da ruwan ramin ya fara malalowa gindinta. Ka ce wannan ba ya cikin taswirarku. Wato masu rai kun rubuta sun mutu, waɗanda aka kashe kuma ba ku rubuta su ba ko kaɗan.

Rahotonka ya ce daji ya riga ya mutu, haƙa ba za ta rage komai ba. Da shi kamfani ya kafa turaku har cikin gonakinmu, katafila kuma tana ajiye a bakin hanya, gyaran ƙafarta da ta lalace kawai take jira. Baba Ilu ya tsufa, ba ya iya kora tumaki nesa. Idan aka tumɓuke itatuwan nan, kiwonsa ya ƙare.

Don haka ina neman abu uku. Ka janye rahoton a rubuce. Ka sanar da kamfani da hukumar da ta aiko ka cewa ƙidayar kuskure ce. Sannan ka dawo da kanka yanzu da rani ya shigo, ka tarar da itatuwan gawon nan kore shar, jan fentinka yana jikinsu. Ka hanzarta, domin idan katafila ta riga ka isowa, rahotonka zai zama gaskiya, ni kuma ba zan yafe maka wannan gaskiyar ba.

Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani, Ya ba ka haƙurin sauraron mutanen ƙauye, Ya kiyaye hanya.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta kuma manomi, daga Gammo.