Bugun Lukuman

Gusau, 6 ga Yuni, 1976

Zuwa ga aminina Ishaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rifkatu da yara. Yaya Kaduna, yaya fama da aiki? Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Kulu tana gaida maiɗakinka.

Bayan haka, na ji an sa ka cikin masu zaɓen 'yan wasan kurket da za a gwada a nan Kaduna don tawagar ƙasa a watan Agusta. Tun muna kwaleji a Zariya kake tsokanata, wai ban iya bugu ba amma na iya kallon mai bugu. To yau na kawo maka abin da na gani.

Sunansa Lukuman, mutumin Kekun Waje ta ƙasar Bungudu. Ɗalibina ne a da, yanzu yana aiki a masaƙa nan Gusau, da yamma ya zo filin makaranta mu shimfiɗa tabarmar da ake wasan a kai bisa siminti. Ishaya, kansa ba ya motsi. Ƙafarsa ta hagu tana isa inda ƙwallo zai sauka kamar an gaya mata tun da wuri. Ba ya gaggawa, sai ƙwallon ya zo ƙarƙashin idonsa yake taɓa shi, ka ji ƙarar katako tas. Tun Alhamis nake manne da rediyo ina bin wasan kwana biyar na Ingila da Wes Indis. Duk sanda masu sharhi suka yabi wani mai bugu cewa yana da lokaci fiye da kowa, Lukuman nake gani.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. In ya daɗe yana bugu yakan raina ƙwallo. Kuma bai saba da jifa mai zafi ba, don mutum ɗaya gare mu mai ƙarfin hannu, abokinsa Jibo, Bafulatanin Nahuce. Amma shekarata goma sha ina koyar da wasan nan, ban taɓa rubuto maka sunan kowa ba. Ka sa nasa.

Ka huta lafiya.
Naka har kullum,
Mas'udu

Gusau, 14 ga Yuli, 1976

Ishaya ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, yaya jikin ƙaramarku? Allah Ya ƙara sauƙi. Takardarka ta iso. Da na gaya wa Lukuman an karɓe shi cikin waɗanda za a gwada, sai ya tsuguna a filin ya gode wa Allah.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ƙarshen watan jiya mun fita bayan an ɗauke ruwa, tabarmar ba ta gama bushewa ba. Jibo ya yi jifa, ƙwallon ya tashi tsaye ya sami Lukuman a gefen goshi ta hagu. Ya faɗi, ya miƙe yana dariya, ya ce a ci gaba. Kumburin ya saɓe, ya koma aiki.

Amma bugun bai dawo ba. Ƙafar da take zuwa gaba yanzu baya take ja. Ƙwallon da a da yake aikawa har gindin dogon yaro, yanzu sai ya kai masa sanda bayan ya wuce. Jibo kuma hannunsa ya mutu. In Lukuman ne a gabansa, jifar yara yake yi, yana gamawa ya kau da kai.

Makon nan na ji a rediyo yadda masu jifar Wes Indis suka dinga samun Turawa a ƙirji da haƙarƙari. Masu sharhi suka yi ta gardama: wani ya ce wanda ƙwallo ya tsorata ya gama, wani ya ce gwani ba ya mance hannunsa, a ba shi lokaci. Na riƙe maganar na biyun. Na koma da shi farko kamar sabon shiga. Na sa ƙwallo cikin safa na rataye a reshe. Na yi masa jifa da hannuna a hankali. Wata rana ya yi kyau har in yi murna, kashegari kamar ba shi ba. Na san tsoro in na gan shi, amma wannan yaron ba ya runtsawa, ba ya kaucewa. Ban san sunan abin da nake kallo ba.

Kada ka cire shi tukuna. Da sauran lokaci.

Naka,
Mas'udu

Gusau, 17 ga Agusta, 1976

Ishaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka gafarce ni, yau gaisuwar gajeriya ce. Wani direban lori zan ba wannan ya kawo maka ofis, don gidan waya zai yi jinkiri.

Ran Juma'a na hau babur na je Kekun Waje, don in nemi albarkar mahaifiyar Lukuman kafin tafiyarsa wurin gwajin. Shi yana gona. Inna Hauwa'u ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Can ta ce, "Malam, mi ya sami idon ɗana? In na miƙa mai ƙwarya ta hagu, sai na yi magana yake juyowa."

Ishaya, ban taɓa tunanin idon ba. Tun watan jiya ƙafarsa nake kallo.

Da ya dawo, muka fita bayan gida. Na tsaya ta hagunsa, na jefa masa lemon tsami a hankali, irin jifar da yaro ɗan shekara biyar zai cafe. Ya bugi kafaɗarsa ya faɗi ƙasa, bai ko ɗaga hannu ba. Muka tsaya muna kallon lemon. Sannan ya gaya mini tun ranar nan idon yake gani kamar ta cikin hayaƙi, kuma kullum ƙaruwa yake. Ka san mai bugu da dama, idon hagu ne yake fuskantar mai jifa.

Na kai shi wurin likita ran Asabar. Ya duba, ya ce wannan sai asibitin ido a Kano, kuma kada a jima. Ya ce in aka sake samun wurin, ko na daman ba shi da tabbas. A bakin asibiti Lukuman ya riƙe hannun rigata ya ce, "Malam, kai ka ce na isa. Ka bar ni in tsaya gaban masu zaɓen sau ɗaya, daga can in wuce Kano." Na ce ban yarda ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da Allah da mahaifiyarsa. Ya saurara da ladabi kamar yadda ya saba, ya ce to.

Yau da safe na je tashar jirgi na tsare ƙofa, bai zo ba. Sai da jirgi ya tashi Jibo ya same ni yana hawaye. Ashe tun jiya ya kai Lukuman Tsafe a keke, can zai hau, don sun san zan jira a Gusau.

Yanzu ban san abin da nake roƙonka ba. In ka hana shi, ya san daga ina maganar ta fito, kuma ba zai sake yarda da kowa ya kai shi Kano ba. In ka bar shi, ka san hannun yaran Legas da za su yi jifa a gwajin, ba kamar na Jibo ba ne, kuma babu komai a kansa sai hula. Abin da na rubuta maka a watan Yuni gaskiya ne, wallahi haka yake bugu. Kai ba za ka taɓa gani ba, wannan ma yana ci mini rai.

Na bar shi hannunka da hannun Allah. Zai kwana Zariya, gobe ya iso Kaduna. Na taɓa kwatanta masa kamanninka, zai neme ka cikin jama'a. In ka je tarbarsa, ka tsaya ta damansa. In ka tsaya ta hagu, zai wuce ka.

Ni ne naka,
Mas'udu