Tukwanen da Ke Cikin Bangon Gabas

Zuwa ga ƙanena, Injiniya Sanusi, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai zanenka ya iso nan garin Isa. Na sa "Injiniya" ne don haka 'yan kwamitin gyaran Soron Makaɗa suke kiranka, har da gyara zama in za su ambace ka. Ni da na tsufa ina canja wa soron nan ƙwan fitila, har gobe Bala mai wuta nake.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da suka ce kai za ka tsara wuta da fanka da ruwan soron, tuwo bai wuce mini ba. Kakanmu ya gina shi don makaɗa da mawaƙa, Baba ya kula da shi har ya rasu, ni na gaji mabuɗin. Na san azarar da gara ta ci, na san indararon da ke yoyo in ruwa ya yi ƙarfi. Kai rabonka da ƙofarsa tun sadakar bakwai ta Baba. Amma kai aka nema, ni aka ce in jira takarda in bi.

Na shimfiɗa zanen a tabarma ina neman kuskure kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na so in tarar ka toshe ƙananan tagogin sama ka cika mana wuri da na'urar sanyi. Ba ka yi ba. Janareta ka kai shi bayan katanga don kada ƙararsa ta danne kalangu. Bututun ruwa ka nisanta shi da gindin gini, sanin ginin ƙasa ba ya son laima. Duk inda na duba daidai ne, haushi ya ƙara kama ni.

Da na zo bangon gabas sai na ga waya ta yi dogon zagaye ta kauce masa. Na ce yauwa, ga ɓarnar waya, yau na kama shi. Can gefe sai ga rubutunka da jan biro: kada a huda bangon nan, akwai tukwane bakwai a binne cikinsa, su ke ɗaukar muryar mawaƙi su kai wa na baya.

Sanusi, ba sai na tambayi wanda ya faɗa maka ba.

Na tuna yadda Baba yake zaunar da kai gindin bangon bayan la'asar, ni ya tura ni sama sharar indararo. In na sauko ina gumi sai ya ce wa baƙi, "Bala ƙarfi garai, shi kau wanga kunne garai." Ni a lokacin yabo na ɗauka, har da ƙara fiddo ƙirji. Ni ne babba, ni na zauna da shi har na rufe masa ido, amma ko sau ɗaya bai yi mini zancen tukwanen nan ba. Wannan ya fi kwangilar yi mini ciwo.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Shekarun baya, da 'yan wasan kwaikwayo suka zo daga Sabon Birni, na huda bangon nan don in rataye lasifika. Ƙarfen da nake hudawa da shi ya zurma, na ji wani abu ya yi ƙas. Na ce gara ce, na cusa siminti na wuce. Bayan haka wani tsohon mawaƙi daga Kurawa ya tsaya tsakiyar waƙa ya ce, "Ɗakin ga bai amsa mani awa da." Na ce masa tsufa ne ya taɓa masa murya. Jama'a suka yi dariya, bawan Allah bai sake taka wurin ba.

Shekaranjiya na ɓanɓare simintin, na zura hannu, na fito da tsingaro. Tukwanen shida ne, ka gyara zanenka.

Ranar Asabar kwamiti za su zauna, ni za su tambaya ko aikin zai yiwu yadda ka tsara. Zan ce zai yiwu, kuma zan faɗi abin da na yi ko da za su karɓe mabuɗin. Wata tsohuwa mai ginin tukwane a Tozai ta ce za ta gina wata, in an faɗa mata girmanta da yadda bakinta ke kallo. Ni ban sani ba. Kai kaɗai ka rage da ka sani.

To ga yayanka yana roƙo. Kada ka zaci kishin ya sake ni, yana nan daram. Amma ka taho da kanka ka nuna mini. In ka zo kada ka yi mini kawaici irin na ƙane, ba zan iya ɗauka ba. Ka yi mini faɗa yadda Baba zai yi da yana raye.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe mini ƙullin da na yi masa a kwanakin nan. Allah Ya ƙara maka basira, Ya kawo ka lafiya, ni kuma Ya wanke mini zuciya.

Ni ne yayanka,
Bala