Hausar da Ka Rubuta a Bangon Laburare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Ɗanlami,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatunka da sanyin ƙasar da kake. Mu nan Madina lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Na kira ka Ɗanlami don ban da ni babu mai kiranka haka, sunan ba ya cikin fasfo, ba ya cikin iƙama, takardar zamanmu a nan. Masu leƙo wannan shafi su yi haƙuri, ba za su ji sunanka na yanka ba, ba za su ji nawa ba, kuma sun san dalili.

Wata uku ke nan da saƙonka ya shigo wayata, hoto ɗaya da murya ta minti huɗu. Na saurari muryar nan har na haddace inda kake jan numfashi, amma ban amsa ba. Ka ga alamar na buɗe, ka kuma ga na yi shiru, kuma ba ka sake turo komai ba. Ni Halarka, ƙanwar mahaifiyarka, da na goya ka har zanena ya koɗe, ni ce na yi maka haka.

Ka ce laburaren gwamnati na garinku yana shirya mako guda don mutane irinka, maza masu son maza, da mata masu son mata, da sauran waɗanda gidajensu suka rasa inda za su ajiye su. To, ga shi na rubuta, kuma hannuna bai guntule ba. Ka ce an kafa farin ƙyalle a bango, kowa ya rubuta magana ɗaya da harshen uwarsa. Hoton ƙyallen ne ka turo. A tsakanin rubuce-rubucen da ban iya karantawa ba, ga naka da koren alƙalami, manyan baƙaƙe: BA MU DA KUNYA. Ka tambaye ni ko Hausar ta yi daidai.

Sai ka ƙara abu na biyu kana dariya, irin dariyar da kake yi in abu ya ci ka. Ka ce ranar rufewa kowa zai tashi ya karanta wasiƙar da wani nasa ya rubuto masa daga gida. Wanda ba shi da kowa, akwai littafi a kan kanta mai ɗauke da wasiƙun iyayen wasu, sai ya ara ya karanta ɗaya. Ka ce kar in damu, ka riga ka zaɓi taka a ciki. Na lissafa, saura kwana tara.

Bari in fara da Hausar, ja'iri. Ina tsaye kan tukunyar tuwon da nake kai wa alhazai a masaukin Anbariyya na buɗe hoton nan. Wallahi dariya ta kama ni har na saki muciya. Maƙwabciyata 'yar Chadi ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Kai! Ɗanlami, ka san abin da ka rubuta wa Turawa a bango? Ka ce ku fitsararru ne, marasa tarbiyya, masu zagin manya a kasuwa. In aka ce wa mutum ba shi da kunya an gama da shi ke nan. Na san abin da kake nufi, so kake ka ce kun daina sunkuyar da kai. Amma Hausar Madina ce ta ci amanarka, wadda ake yi muku magana da ita ku mayar da Larabci. Ina cikin dariyar na ji ta juye, na zauna a bakin ƙofar kicin na yi kuka da rana tsaka, tuwon ya kama.

Ba yau kalmar nan ta fara ba ka wahala ba. Kai ne ɗan fari, saboda haka Yaya, mahaifiyarka, ba ta faɗin sunanka, ba ta ɗaukarka gaban mutane, ba ta yabonka. Tun ba a yaye ka ba ta miƙo mini kai, ni da Allah bai ba haihuwa ba. Mu a Kano haka muka tashi muka gani, babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi. Amma kai a Madina ka buɗe ido, kana ganin matan Larabawa suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta suna ta habibi, habibi.

Na tuna ranar da ka dawo daga makaranta, kana aji biyu, ka ajiye jaka ka tambaye ni da Larabci me ka yi wa Ummi ta tsane ka. Na ce maka kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ka ce to kunya mugun abu ce. Na yi dariya na ba ka dabino, na ɗauka magana ta wuce. Ashe ba ta wuce ba, ga ta can ka kai ta bangon laburare.

Ranar da babanka ya ga abin da ya gani a wayarka, ina gidan. Ba zan maimaita kalmomin da ya jefe ka da su ba, duk wanda ya iya Hausa ya san su. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ka juyo ka kalle ni. Ba Yaya ka kalla ba, ni ka kalla. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara bakin mayafi. Shekara shida ina gaya wa kaina kunyar mijin yayata ce ta hana ni magana. Ƙarya nake yi. Tsoro ne, tsoron a ce ni na lalata ka da shagwaɓa, tsoron abin da hukuma za ta yi in magana ta fita, tsoron matan unguwa.

Da takardar karatunka ta fito, ni kaɗai na raka ka filin jirgi. Muna tsaye ana ta sauke alhazai, kowa da masu tarbarsa, kai kuma kana fita da jaka ɗaya. Na cusa maka yaji da kuka a ciki, ka ce za a ƙwace a can, na ce a ƙwace ɗin. Ka sumbaci kaina ka ce in yafe maka. Na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar wanda za shi Jidda ya dawo jibi. Ko rungumarka ban yi ba.

Labarin laburaren nan a guntu-guntu ka riƙa ba ni shi, ni kuma ina amsawa da to, madalla, don ban san me zan ce ba. Ka ce sanyin farko da ka yi a can, ɗumi ne ya shigar da kai, ba karatu ba. Wata dattijuwa mai aiki a wurin ta yi maka kati kyauta, ba ta tambaye ka ɗan wane ne kai ba. Ka yi mako uku kana zagaye wata kanta mai ƙaramar tuta kala-kala kafin ka iya miƙa hannu. A nan ka sami littafi da Larabci, wanda wani Musulmi irinka ya rubuta, mai salla, mai azumi, mai uwa. Ka ce ka karanta shi a tsaye, don kana ganin in ka zauna wani zai gane ka.

Daga baya ka ce kuna haɗuwa duk Asabar a wani ɗaki na sama, ku sha shayi, ku karanta littafi ɗaya tare. Wani lokaci a nuna fim, wani lokaci lauya ya zo ya duba wa mutane takardun zama ba ko kwabo. Ka ce akwai ɗan Sudan a cikinku da kuke buɗa-baki tare da azumi. Har miyar kuka ka dafa musu ranar da aka ce kowa ya kawo abincin gidansu, ka ce sun cinye tas. Ban yarda ba, na san hannunka da gishiri.

In gaya maka gaskiya? Kishi nake yi da laburaren nan. Ina kishin dattijuwar da ta yi maka kati. Ita da ba ta san ranar da ka yi haƙorin farko ba, ba ta yi jinyarka da ƙyanda ba, ita ce ta ja maka kujera ta ce zauna. Ni da na yi duk wannan, na bar ka a tsaye a tsakar ɗakin ubanka.

Madina gari ne na littattafai, ka sani. Tun rasuwar Malam, mijina, nasa suna nan jere a ɗakina, ina kaɗe musu ƙura duk Juma'a. Bayan saƙonka na shiga shagunan littattafai na kusa da Harami har sau uku, ina duba kantoci kamar mai neman wani abu. Mai shago ya tambaye ni me Hajiya take so, na ce littafin addu'o'i. Yanzu ina da guda uku iri ɗaya. Abin da nake nema shi ne wanda zai gaya wa mace irina yadda za ta yi da ɗan da take so, kuma ban san da wane baki zan tambaya ba.

Kada ka ɗauka na zama wata malama mai sabuwar fatawa. Abin da aka karantar da ni yana nan inda yake, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na gane rayuwarka ba. Akwai ranakun da nake ɗaga hannu a Harami in rasa abin da zan roƙa maka, sai in ce Allah ka fi ni saninsa, in shafa. Amma duk karatun da na yi, ban ga inda aka ce in daina zama Halarka ba. Wannan ni na ɗora wa kaina.

Gidan ya yi mini faɗi, Ɗanlami. In na dawo daga kai abinci babu mai ce mini Hala kin daɗe. Hausa ma sai in wuni ban yi ta da kowa ba sai alhazai, su kuma kwana kaɗan ne su tafi. Wani lokaci nakan yi maka faɗa ni kaɗai a kicin, in amsa wa kaina da Larabcinka.

Yaya tana zuwa duk Juma'a bayan la'asar. Ba ta taɓa tambayata kai ba, ni ma ban taɓa ce mata muna magana ba. Watan jiya aka kawo mata dabinon Khaibar, ta zo mini da shi cikin leda. Tana zaune tana juya ƙwallo ɗaya a hannu, ba ta kalle ni ba, ta ce ko ƙasashen sanyin nan ana samun dabino? Na ce ana samu, amma ba kamar namu ba. Ta ce to. Da za ta tafi ta bar ledar gaba ɗaya, alhali ta san likita ya hana ni zaƙi. Yana nan na ɗaure shi, ina neman mai zuwa wajenku.

Na so in yi maka wannan duka da murya, na gwada sau huɗu ina gogewa. Shi ya sa na rubuta. Na kuma sa shi a fili da gangan, don na gaji da ɓoye ka. Na san akwai masu zagina a ƙasan rubutun nan, su yi ta yi. Na san kuma akwai wata inna ko gwaggo da za ta karanta ta yi shiru, don ita ma tana da nata a wani gari.

Yanzu ga gyaran Hausarka. Ka je ka roƙi dattijuwar nan ta ba ka wani ƙyallen, ko ka liƙa takarda a kan wancan. Ka rubuta: MU MA 'YA'YAN MUTANE NE. Kada ka manta da 'yar ƙugiyar da ke gaban harafin ya, na san ka. In sun ce ka fassara, ka ce musu a wurinmu in aka ga ana wulaƙanta wani, akan ce a bari, ɗan mutane ne. Ma'ana yana da masu shi, akwai waɗanda za su yi kuka in wani abu ya same shi.

Littafin wasiƙun nan kuma ka mayar musu da shi kan kanta, wani zai buƙace shi. Kai ka tashi da wannan. Ka karanta da Hausa tukuna, ko da za ka yi ta tuntuɓe, sannan ka juya musu. Ka tsallake wajen gishirin in ka ga dama.

Ka yafe mini shirun wata uku, da na shekara shida da ya gabace shi.

Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya haɗa ka da masu tausayi, ya raba ka da masu cin zali, ya sa kada ka yi ciwo kai kaɗai a ɗaki. Allah ya yi mana rahama ni da kai, don dukkanmu muna buƙata. Allah ya sa in sake ganinka da idona kafin a kai ni maƙabartar Baƙi'a. Amin.

In sun tambaye ka wa ta rubuto, kada ka tsaya yi musu bayanin ƙanwar uwa. Ka ce uwarka ce.

Wassalam,
Halarka, daga Madina.