Akwatin da ke Bangon Isoshigi

Hakodate, 3 ga Afrilu

Inna Fumie,

Gaisuwa mai yawa, ya gwiwa da sanyin nan? Busasshen kifin ya iso, sai da na ɓoye shi, don abokan aikina sun fi mage son kifi.

Inna, da za ki ga jirgin ruwanmu Isoshigi yanzu ba za ki gane shi ba. Inda mutanen tsibirinmu ke shimfiɗa tabarma suna ta amai ya zama ɗakin karatu. Rumbun shinkafa ya koma wurin wankan ruwan zafi mai ƙatuwar taga, mutum na jiƙe yana kallon ƙanƙara. Baƙi sittin kawai, masu yawon buɗe ido, za mu kai can tekun ƙanƙara na kudu, ni ce mai kula da ɗakunansu. An kuma sa ni rubuta tarihinsa a allo: shekara ashirin da biyu mijinki Baba Genzo na tuƙa shi, sha biyar a hannun masu binciken kifi, sai mu.

Ga dalilin wasiƙar. Masu gyara sun fasa bangon ɗakin tuƙi, suka tarar da ɗan akwatin nan da ake ɓoyewa a bango bisa al'ada don ya tsare jirgi: tsabobi, 'ya'yan ludo biyu, da gashinki da aka sa ranar da aka fara tura shi ruwa. Sabon kyaftin ya ce ba shi da wuri a sabon bango, ranar ashirin za a rufe. Na ce a ba ni in aiko miki da kayanki.

Ki huta lafiya. 'Yarki, Chizuru

Okushiri, 9 ga Afrilu

Chizuru 'yata,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan da halinta. Wanka a rumbun shinkafa! Da Genzo zai ji, da dariya ta sake kashe shi.

Kada ki kuskura ki aiko mini da akwatin nan. Ba gashina ba ne.

Kin san gashin mai ciki ake so a sa. Genzo ya yi wata uku a wurin ƙera jirgin, ya aiko a kai masa nawa, bai san cikin da ya bar ni da shi ya zube ba. Na ji tsoron in sa wa jirginsa gashin wadda ta yi ɓari. Ƙanwata Sadako, mahaifiyarki, lokacin tana da cikinki wata biyar. Ta iske ni ina kuka, ta ɗauki almakashi ta datse nata, ta ce, "Yaya, share hawayenki. Teku za ta tsaya tambayar na wace ce?"

Daga baya na gaya masa ɓarin, amma gashin ban taɓa faɗa ba. Jirgin nan bai taɓa rasa mutum ko ɗaya ba. Shekara talatin da bakwai matan tsibiri na yi mini godiya, ni kuma ina amsawa ba kunya. Sadako ta rasu kina da shekara biyu, na raine ki, ban samu bakin gaya miki ba. Ki yafe mini. Ba na so ki shiga ƙanƙarar nan ba tare da ita ba.

Ki sa safa biyu. Innarki, Fumie

Hakodate, 21 ga Afrilu

Inna,

Ina gaisuwa. Na samu kyaftin na ce masa, "Ranka ya daɗe, in akwatin nan ya sauka, ni ma na sauka." Ya sosa ƙeya, ya kira kafinta. Ashe akwai wuri.

Kafin a rufe na buɗe takardar da aka naɗe gashin a ciki. Bakin gashin a murɗe yake, irin nawa da kika sha wahalar tajewa. Hoto ɗaya kawai nake da shi na Mama, jiya kuwa na taɓa ta. Ba abin yafewa, Inna, godiya ce kawai. Na sa sunayenku biyu a allon.

Na sayi safa. Gobe za mu tashi, ni da Mama.

'Yarki, Chizuru